Yadda Ake Shirya Tseren Keken Hawan Duwatsu a Filin Jama'a Ba Tare da An Bar wa Gari Zaizaya Ba

Keken hawan duwatsu, mai kaurin taya da giya da yawa, ya daina zama baƙo a kasuwanninmu. Yana shigowa cikin kayan Kwatano, matasa na saye. Duk inda irin wannan keke ya taru a hannun mutum ashirin, ba a daɗewa sai wani ya kawo shawarar a yi tsere a bayan gari, kan tudu ko faƙo ko cikin jigawa, wurin da ake cewa ba gonar kowa ba ce. To wannan fili shi ne na kowa. Nan dabbobin gari ke kiwo, nan mata ke samo itace da ganye, ta nan ruwan sama ke bi kafin ya isa gonaki da fadama. A arewacin Kebbi, wajen Arewa da Dandi da Augie da Argungu, inda ruwa bai cika wuce wata huɗu ba kuma hamada na matsowa, ƙasar ba ta da ƙarfin gyara kanta da wuri. Tseren wuni ɗaya na iya wucewa lafiya, yana kuma iya buɗe kwazazzabon da zai shekara goma yana cin ƙasa.

Mai shiri ya riƙe wannan tun farko: tayar keke ita ce mai ƙaramin laifi. Binciken da aka yi a Amurka da Kanada ya nuna cewa keke a kan hanyar da ta riga ta kafu, ɓarnarsa kusan ɗaya take da ta mai tafiya a ƙasa, ba ta kai ta doki ko babur ba. Abin da ke lalata fili shi ne hanyar da aka zana inda bai dace ba, da taron 'yan kallo da motocinsu, sai kuma abin da ke biyo baya, wato ruwan damina da masu ababen hawa da za su mai da sawun tseren hanyarsu ta kullum.

Abin da ke ƙarƙashin taya

Je ka saura ko makiyayar da aka daɗe ba a taɓa ba, ka durƙusa a gindin sabara ko geza. Za ka ga saman ƙasa ya yi wani ɓawo baƙi-baƙi, siriri, da ka sa farce sai ya ɗago kamar ƙanzon tuwo, ƙarƙashinsa kuma rairayi ne sako-sako. In ka zuba masa ruwa kaɗan ka jira, zai ɗan yi kore. Wannan ɓawo yana da rai. Ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, tare da gansakuka, suke saƙa zare a tsakanin ƙwayoyin rairayi su ɗaure su. Shi ke hana iska kwashe ƙasar, yana kuma ƙara mata taki daga iskar sama. Masana sun yi nazarinsa sosai a saurukan yammacin Nijar, ƙasar da yanayinta ɗaya da tamu. Idan ya bushe yana da saurin karyewa, kuma da ya karye sai rairayin ƙarƙashinsa ya tashi da guguwar farkon damina, ya je ya binne ɓawon da ke kusa, shi ma ya mutu don rashin hasken rana. Ta haka sawu mai faɗin tafin hannu ke zama fili fetal.

Mutanen Amurka sun riga mu ganin wannan. A can aka fara wasan, a tsaunukan Kalifoniya cikin shekarun 1970, ya shiga gasar Olamfik a 1996. Garin Mowab da ke hamadar jihar Yuta ya zama matattarar masu keke daga ko'ina a duniya, kuma yawancin filin da ke kewaye da shi na gwamnatin tarayya ne, a hannun hukumar kula da filaye da ake kira BLM, wadda ke kula da eka kusan miliyan 245, abin da ya fi faɗin Nijeriya gaba ɗaya. A irin wannan hamada ɓawon da aka taka yana ɗaukar shekaru, wani wurin shekaru gommai, kafin ya koma yadda yake. Saboda haka ba a yin gasa a filin hukumar sai da takardar izini ta musamman, wadda ke iya ƙayyade hanya da yawan mutane da lokaci, har a nemi mai shiri ya ajiye kuɗin gyara. Suna da dalilin wannan tsanani. Tseren babura daga Basto zuwa Las Begas, wanda aka fara a 1967, ya riƙa tara dubban mahaya a hamadar Mohabi. An dakatar da shi a 1975, aka dawo da shi a 1983, bayan na 1989 kuma ba a sake ba shi izini ba, saboda kunkurun hamadar da ake rushe wa ramuka ya shiga jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Babur ne ba keke ba, amma darasin ɗaya ne: yawan jama'a a wuri guda, a rana guda.

Izini, da mutanen da filin ke ciyarwa

A dokar amfani da ƙasa ta 1978, ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna, filayen karkara kuma ƙaramar hukuma na da ta cewa a kansu. Makiyaya da aka keɓe tana da tata dokar tun 1965, gandun daji kuma yana hannun ma'aikatan daji. Don haka a rubuta wa ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha, a haɗa da taswirar hanya da yawan mahaya da ake sa rai. Kebbi da Zamfara suna cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wato shirin dasa itatuwa don tare hamada, saboda haka a tambaya ko akwai dashen itatuwan shirin a kusa, a kauce masa. Jami'an tsaro ma a sanar da su da wuri, in sun ce wannan daji ba ya shiguwa, magana ta ƙare.

Takarda kaɗai ba ta isa ba. A je wajen uban ƙasa da hakimi, a nemi su haɗa ku da Ardo da sarkin noma da wani maharbi ko mai itace da ya san dajin ciki da bai. Su ne za su ce maka nan burtali ne, shanu na bi da hantsi zuwa mashaya. Nan tsohuwar maƙabarta ce ko da ba ka ga alama ba. Wancan kwarin in an yi ruwan Agusta mutum ba ya iya ƙetare shi. A tafi da su a ƙafa, a taka hanyar tun daga farko har ƙarshe. Hoton tauraron ɗan'adam a waya yana taimakawa wajen auna nisa, amma ba ya nuna ramin damo ko ɓawon ƙasa.

Wasu wurare ba a ko tattauna su. Kufai da tsohuwar ganuwa suna jan hankalin mahaya don suna da daɗin tsallakewa, amma ganuwa irin ta Surame, birnin Kanta, ko ƙaramar ta wani tsohon gari, in ta zube ba mai sake gina ta. Haka duk wurin da aka taɓa niƙa dutsen zinariya ko wanke shi. A 2010 gubar dalma da ke cikin ƙurar irin wannan aiki ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, kuma tsere ba abin da yake tayarwa kamar ƙura.

Lokaci

Daga Disamba zuwa tsakiyar Fabrairu ya fi. An kawar da amfanin gona, an kwashe harawa da kara, ƙasa ta bushe, zafi bai sauko ba. Da damina kada a yi: jiƙaƙƙiyar ƙasa tana dannuwa, taya na yanka ta, ciyawa na tsiro, zabin daji na kan ƙwai. Daga Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40, hatsari ne ga mahaya, kuma duk ƙasar da aka farfasa a lokacin ba ta samun sararin kwantawa kafin guguwar da ke zuwa gaban ruwan farko. Idan aka yi ruwan bazata kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, a dunƙula ƙasar hanya a hannu. In ta dunƙulu ta manne wa tafi, a ɗaga tseren.

Zana hanya

Nan ne aikin yake, nan kuma ake yin kuskuren da ba ya gyaruwa. Ƙa'ida ta farko: a bi hanyar da ke akwai. Turbar ƙafa, hanyar amalanke, tsohuwar hanyar marmara, dutse tsirara. Dalili shi ne yawancin ɓarnar da ake wa ciyawa da ɓawon ƙasa tana faruwa ne a wucewar farko-farko. Keke na ɗari biyar a kan kafaffiyar turba bai ƙara komai sosai ba, amma kekuna ashirin na farko a kan sabuwar ƙasa sun gama da ita. A yi ƙoƙari aƙalla kashi 90 cikin ɗari na hanyar ya kasance tsohuwa. Zagaye gajere da ake maimaitawa ya fi doguwar hanya guda: kilomita 5 sau biyar ya ba da tseren kilomita 25, amma ƙasar da aka taɓa kilomita 5 ce kawai, masu tsaron hanya kaɗan sun isa, 'yan kallo kuma suna ganin mahaya sau biyar ba sai sun bi su ba. Sai dai a lissafa: mahaya 80 sau biyar wucewa 400 ke nan a kan kowane taƙi, ban da na gwaji.

Ƙasa iri-iri ce. Dutse da marmara mai tsakuwa suna jure komai. Faƙo yana jure taya amma ba ya shan ruwa, don haka duk sawun da ya zurfafa a kansa magudana ce. Jigawa mai sabara da ɓawo ita ce mafi rauni, ga shi in rairayi ya yi laushi mahaya kan fita gefe neman wuri mai tauri, hanyar mita ɗaya ta zama mita huɗu kafin azahar. Bakin fadama da gefen tafki a bar su gaba ɗaya.

In dole sai an buɗe sabon yanki a jikin tudu, to kada hanya ta miƙe daga sama zuwa ƙasa ta inda ruwa zai bi. Wannan shi ne babban kuskure, kuma shi ne mahaya suka fi so don gudu. Ga lissafin: ruwan milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita ɗaya ce. Ruwan milimita 30, wanda ba abin mamaki ba ne a dare ɗaya na Agusta, in ya sauka kan hanya mai tsawon mita 100 da faɗin mita 1, lita 3,000 ke nan, duro 15, ban da wanda ke gangarowa daga gefe. In hanyar ta faɗaɗa zuwa mita 3 ya zama duro 45. Duk wannan ruwa zai bi sawun taya, kuma in gudunsa ya ninka biyu ƙarfin da yake dukan ƙasa da shi ninki huɗu yake yi. Damina ɗaya ta isa ta mai da sawu rami.

Ƙungiyar masu keken duwatsu ta duniya, IMBA, wadda aka kafa a 1988, tana da ƙa'idojin da suka tabbata a aikace. Gangarar hanya kada ta wuce rabin gangarar tudun da take ratsawa: in tudun kashi 16 ne cikin ɗari, wato yana sauka mita 16 a kowace mita 100, hanya ta tsaya a kashi 8 ko ƙasa, ta ratsa shi a karkace. Matsakaicin gangarar hanyar duka kada ya wuce kashi 10. A ƙasa mai rairayi ma a rage zuwa 5 ko 6. Dutse tsirara ne kawai ake yi wa sassauci.

Auna gangara ba ya buƙatar na'ura. A samo igiya mai mita 10, da sanda biyu, da farin tiyon ruwa irin na magina. Mutum ɗaya ya riƙe bakin igiya a ƙasa ta sama, ɗayan ya gangara ya ja ta, a daidaita ta da ruwan tiyo har ta kwanta sosai, sannan a auna daga igiyar zuwa ƙasa a wajen na ƙasan. Mita 1 kashi 10 ke nan, santimita 50 kashi 5. A auna tudun ta inda ya fi gangara, a auna hanyar, a kwatanta.

Abu biyu ke fitar da ruwa daga kan hanya. Na farko, a ɗan karkatar da doron hanyar zuwa gefen gangara, santimita 5 a kowace mita ta faɗi, don ruwa ya tsallake ta a baje maimakon ya bi ta. Ƙasar da aka kankare kada a tara ta a bakin hanya ta gefen ƙasa, don tana zama kunya ta tare ruwan. A watsa ta nesa. Na biyu, kowace mita 6 zuwa 15 a sa hanyar ta ɗan nutsa ta sake ɗagowa, yadda ruwan da ya biyo ta zai tarar da hawa a gabansa ya fice ta gefe. Mahaya ma suna jin daɗin wannan hawa da saukar. Bayan an gama, a ɗauko jarka mai lita 25 a tuttular a kan hanyar a tsaya a gani. In ruwan ya bi hanya fiye da taku huɗu ko biyar bai fita ba, da sauran aiki.

Kwana ita ce wuri na biyu da ke lalacewa. Mahayi ya gangaro da gudu, ya tarar da kwana mai kaifi, ya danne birkin baya, taya ta tsaya tana jan ƙasa. In aka yi haka sau 400 sai wurin ya zama rami da turɓaya, na baya kuma su yanke ta ciki. Maganinsa a rage musu gudu kafin su iso: ɗan hawa na mita biyar zuwa goma gaban kwanar, ko manyan duwatsu biyu da za a bi ta tsakaninsu. Kwanar ta zama mai faɗin zagaye, a kuma ga ƙarshenta tun daga nesa. Cikin kwanar a tare shi da duwatsu da igiya, a tsayar da mutum a wurin. Kada a sa ƙaya kusa da inda mahayi zai iya faɗuwa, kada kuma a sare ɗanyen icce don yin shinge.

Ƙorama busasshiya a ƙetare ta a miƙe, ta mashigin da mutane da dabbobi ke bi, inda gaɓar ta riga ta kwanta. Tsakiyar rairayin ba abin damuwa ba ne, ruwa zai share sawun. Gaɓa ce ke zubewa. In tana da laushi a shimfiɗa mata faffaɗan duwatsu masu kaurin santimita 15 zuwa 20, a binne su daidai da ƙasa, manya a ƙasa, a cike tsakaninsu da tsakuwa. Kada a bi gefen gaɓa a tsaye, kada a kusanci kan kwazazzabon da ya riga ya fara ci. A ba shi aƙalla mita 20. Itatuwa kamar gawo da aduwa da kirya a bar musu tazara gwargwadon inuwarsu, ramukan kurege da damo da yanyawa kuma a kewaye su da mita goma ko fiye.

Taro, motoci da babura

Wurin tashi da ƙarewa ya kasance filin da ya riga ya mutu: filin ƙwallo, filin kasuwa a ranar da ba ta ci, ko tsohon ramin marmara da ya daidaita. Mota ɗaya da hanyar fitarta na cin murabba'in mita 25, motoci 40 sun cinye murabba'in mita 1,000. In ba a shata musu wuri ba, kowane direba inuwar icce zai nema, ya danne ƙasar saiwarsa. A shata wurin da igiya, ƙofar shiga ɗaya, ta fita ɗaya.

Kada a saki mahaya duka lokaci guda cikin siririyar turba. Mita 500 zuwa kilomita ɗaya na farko su kasance a faffaɗar hanyar marmara don jerin ya miƙe, a kuma sake su rukuni-rukuni, mutum 15 zuwa 20, da tazarar minti biyu ko uku. A tanadi wuraren wuce juna a inda ƙasa ke da tauri, a gaya wa kowa inda suke. Dokar tseren ta fito fili: wanda ya fita daga alama ko ya yanke kwana an cire shi. Gwajin hanya a ba shi rana ɗaya tak, da masu tsaro a wurin.

Babura su ne matsalar da ta fi wuyar shawo kai. 'Yan kabu-kabu da abokan mahaya za su so su bi tseren ta gefe suna kirari, kuma babur ɗaya da ke ratsa jigawa da mutum biyu a kai ya fi kekuna da yawa ɓarna. A zauna da shugabannin 'yan kabu-kabu tun kafin ranar, a ba su aikin jigilar 'yan kallo zuwa wurare biyu ko uku da aka keɓe a bakin babbar hanya, su samu kuɗinsu a nan. Babur biyu kawai ke da izinin hawa hanyar tsere, na agajin gaggawa da mai bin na ƙarshe. Wuraren kallo a zaɓe su kan dutse ko faƙo inda ake hango nesa, don mutum in yana gani ba ya yawo.

Alamar hanya a yi ta da abin da ko an manta da shi ba zai cuci dabba ba. Farar ledar nan mai ja da ake ɗaurawa tana yayyagewa a iskar hunturu, awaki da shanu su haɗiye, ta cushe musu tumbi. Ƙyallen atamfa mai haske a kan turken kara, igiyar kaba ko ta rama, da kibiyar toka a ƙasa sun wadatar. Ba fenti a jikin dutse, ba ƙusa a jikin icce. A ƙirga turakun da aka kafa a rubuta, don a san adadin da za a dawo da shi.

Ruwan sha a yi masa lissafi. Mahayi na shan rabin lita zuwa lita ɗaya a awa. Mahaya 100 a tseren awa uku, in ruwan leda ne, leda 300 zuwa 600 ke nan a warwatse cikin daji, 'yan kallo 500 kuma su ƙara wasu 1,500. A kawo ruwa a duro ko tanki, kowa ya cika gorarsa, a keɓe mita 50 bayan wurin shan ruwa inda kawai aka yarda a yar da wani abu, da yara biyu masu buhu. Kada a ɗebi ruwan daga rijiyar da makiyaya ke dogaro da ita ba tare da an yi magana da su ba. Ban-ɗaki a haƙa ɗaya ga kowane mutum 50, na mata daban, a kewaye da zana, nesa da rijiya ko tafki da aƙalla mita 30 kuma ta gefen gangara, a riƙa zuba toka, a rufe da ƙasa in an tashi. Masu faci da gyara su zauna wuri ɗaya a kan tamfol, tsohon tub da baƙin mai da gwangwanin giris duk su koma gari.

Wuta ita ce hatsarin wannan lokaci na shekara. Ciyawar da ta bushe a Janairu ita ce abincin dabbobi har zuwa Yuni, guntun taba ɗaya na iya cinye ta cikin awa guda. Masu shayi da tsire da masu suyar ƙosai a tara su gefe ɗaya ta inda iska ke ficewa daga ciyawa, a share ƙasa tas mita 3 zuwa 5 kewaye da su, a ajiye duro biyu na ruwa da shebur. Su zo da itacensu ko gawayinsu daga gari.

Akwai kuma irin ciyawa da ke maƙalewa a taya da safa. Tafasa da garmani in suka samu ƙasar da aka farfasa sukan mamaye ta su kori ciyawar da dabbobi ke ci. A hamadar Arizona wata 'yar'uwar ƙarangiya da aka kai daga Afirka don kiwo ta bazu har tana haddasa gobarar da ke kashe itatuwan wurin. Kekunan da suka zo daga wata jiha a goge tayoyinsu da buroshi a filin taro kafin su shiga, a tattara abin da ya zubo a ƙone.

Bayan an watse

Kafin tsere a kafa wuraren awo, ɗaya a kowace mita 500, da kowace kwana da mashigin ƙorama. A kowanne a ɗauki hoto daga wuri ɗaya ana fuskantar gefe ɗaya, a auna faɗin hanya, a gitta sanda a kanta a auna zurfin sawu daga sandar zuwa ƙasa. Washegarin tsere a maimaita. Ba tare da wannan ba, in gardama ta tashi da mutanen gari ba mai hujja, mai shiri kuma ba zai san ko hanyarsa ta yi kyau ba.

Cikin kwana biyu a kwashe alamu da shara. Cikin mako biyu a yi gyara, tun ƙasar ba ta tashi da iska ba. Kayan aikin su ne manjagara, diga, shebur, baro da mutum goma zuwa goma sha biyar daga garin, a biya su. Inda sawu ya kai zurfin santimita 10 a cike shi da tsakuwa da ƙasa a daddaɓe, a buɗe mafitar ruwa a samansa. Inda hanya ta faɗaɗa, a ja gefen da manjagara a hankali, a rufe shi da karan gero da busassun rassa a kwance a gicciye da gangara. Suna kama rairayi da irin ciyawa da iska ke kawowa, gara kuma ta ci karan ta buɗe ƙasar. Filin da motoci suka danne a farfasa shi da diga zurfin santimita 10 zuwa 15, a watsa taki. In a gangara yake, a jera duwatsu a layi bisa daidaiton ƙasa, tsayin santimita 20 zuwa 30, ko a haƙa ramukan rabin wata irin waɗanda manoman Tawa ke farfaɗo da faƙo da su, bakinsu na kallon saman gangara, a zuba irin gamba in ruwa ya sauka.

Duk sabon yankin da aka buɗe don tseren kawai, a rufe shi. A toshe bakinsa biyu da manyan duwatsun da mutum ɗaya ba zai iya turewa ba, a ɓatar da mita 20 zuwa 30 na farko yadda mai wucewa ba zai gane akwai hanya ba. In aka bar shi a buɗe, cikin wata guda babura sun gano gajeriyar hanya, bayansu amalanke, bayanta motar itace, kuma dajin da da ba a iya shiga da mota ya shiga hannun masu gawayi.

Kuɗin wannan aiki a ware shi tun ranar da aka fara karɓar kuɗin rajista, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kasafin, a ajiye shi a hannun kwamitin da ke da wakilin hakimi da na makiyaya. In aka bari sai bayan an raba kyaututtuka, ba a samun ko sisi.

Awo na uku shi ne na gaskiya, kuma sai bayan ruwa mai ƙarfi biyu ko uku, wajen ƙarshen Yuli. A koma wuraren nan da hotunan farko a hannu. A duba ko ruwa ya bi hanya, ko rairayi ya taru a gindin gangara, ko gaɓar ƙorama ta zube, ko tafasa ta fito a inda da ciyawa ce. Ƙaramar zaizaya da ba ta wuce zurfin santimita 30 ba ana tare ta da ƙananan shingayen dutse a jere, tsakiyar kowanne ya fi gefensa ƙasa don ruwa ya bi ta kai, a fara daga sama a gangaro. Yankin da ya zurfafa duk da gyara a cire shi daga hanyar baɗi, a sake zana shi a karkace. In fiye da kashi ɗaya cikin goma na wuraren awon sun nuna zaizaya, a hutar da hanyar shekara guda, a kai tseren kan hanyar marmara har ciyawa ta rufe gefenta.